Tokar Dada

Mushe Idirisa ya dawo Maraɗi daga makarantar malamai da akwati ɗaya, da keke, da girman kai wanda ya fi akwatin nauyi. Shekara takwas ke nan da ruwa ya cinye tsohon gari aka kwashe mutane zuwa kan tudu, mulki kuma yana hannun Nasara. Aka ba shi ajin manyan yara a lakwal, wato makarantar boko, inda ake kiran kowane malami Mushe. Kada a zalunce shi, ba mugun mutum ba ne. Aibinsa ɗaya ne: in ya san abu, sai ya ga kamar shi ya fara saninsa a duniya.

Gwaggonsa Tasalla, ƙanwar ubansa, ita ta rene shi a Tsibiri tun da uwarsa ta rasu. Sana'arta rinin zare. Tana da kwatarniya uku na baba a bayan ɗakinta, da wani baƙin tulu da take tara ruwan toka, wanda da shi take ciyar da rinin. Dokar gidan ɗaya ce, kowa ya san ta: ba mai taɓa tulun nan sai ita. Idirisa na da shekara bakwai ya taɓa tsoma hannu a ciki, har yau kuwa in ya ga muciyar rini sai bayansa ya tuna.

Tokar kuwa daga Jiratawa take zuwa, daga hannun Dada, wata tsohuwa Ba'azna da ke ƙona karan hatsi ta tara tokarsa. Kowace Juma'a Dada za ta ɗoro kwando a jaki ta nufo Maraɗi daga kudu, Tasalla ta taso daga arewa, su haɗu a gindin wata kanya a bakin kasuwa. Shekara talatin suna haka. Ɗaya na salla, ɗaya ba ta yi, abin bai taɓa shiga tsakaninsu ba. In Tasalla ta tashi yin azahar, Dada ke tsare mata kaya. Idirisa ma yakan leƙo da tsakar rana idan an tashi yara, ya gaishe su, ya sha furar Dada wadda take damawa da nonon jar akuyarta.

Bayan kaka sai labari ya zo cewa Nasaran da ke zagaya makarantu zai iso nan da wata guda, zai shiga kowane aji ya zauna. Idirisa ya ƙudurta sai ya nuna masa abin da bai taɓa gani ba a ƙasar nan. Ya zaɓi darasin asid da baz. A cikin kansa, da Hausa yake lissafa su: dangin tsami da dangin kanwa. Tsamiya, lemun tsami da nono mai tsami gida ɗaya suka fito. Kanwa, ruwan toka da sabulu su ma gidansu ɗaya, su ne masu santsi a yatsa. In aka haɗa ɗan gidan nan da ɗan wancan, sai su kashe ƙarfin juna. Littafi ya ce ana gane su da wata 'yar takarda mai sauya launi, takardar kuwa babu ita a Maraɗi. Amma wani malaminsu ya taɓa gaya musu cewa ruwan zoɓo ma yana yi: ya ƙara ja a cikin tsami, ya koma kore a cikin kanwa.

Lemun tsami bai ishe shi ba, shi dole sai abin da zai ba da mamaki. Ya je wurin Gado, makaniken da ke gyaran manyan motocin gyaɗa, ya roƙi kwalba guda ta ruwan batir.

“Mushe, wanga abu ba ruwan wasa ba ne,” in ji Gado. “Shina cin tufa, shina cin hwata.”

“Ni zaka gaya ma? Ni da na karanta shi?”

Ran Alhamis ba a lakwal. Ya ɗaure kwalbar a bayan keke ya tafi Tsibiri don ya gwada abinsa inda ba idon yara. Ya tarar gwaggo ta tafi barkar haihuwa. Ya dafa zoɓo, ya jera kofuna a inuwar rumbu, komai ya yi daidai. Saura ruwan toka. Ya dubi baƙin tulu, ya dubi ƙofar gida. Ga shi babban mutum, mai wandon kaki, mai ajin yara arba'in, amma sai da ya sake waiwayawa kafin ya ɗaga faifan da ke rufe da tulun. Ya ɗebi tasa guda cike.

Abin ya yi kyau, wannan ba gardama. Ya ɗiga zoɓo a ruwan tokar, ya koma kore shar. Ya ɗebi kaɗan a kofi ya ɗiga ruwan batir, ya ga koren ya dusashe, ya koma ja. Daga nan sai wasa ya ɗauke shi. Ya fara tsiyaya ruwan batir a cikin tasar kanta, ruwa na tafasa ba wuta, kumfa na tashi yana shii, shi kuwa yana dariya shi kaɗai. Ya yi ta ƙarawa har tasar ta daina kumfa, bai tsaya ba, sai da ya ga saura kaɗan a kwalbar.

Sai ya jiyo muryar gwaggo tana gaisawa da maƙwabta a bakin titi.

Ya san tana gane inda ruwan tulunta ya tsaya kamar yadda take gane fuskar 'ya'yanta. In ta ga ya ragu da tasa guda, yau sai ya sha faɗa a gaban yaran gida. Bai tsaya tunani ba, ko kuma a ce ya yi tunanin ya ture shi gefe. Ya ɗauki tasar ya juye a cikin tulun. Tulu ya yi ƙugi, kumfa ya taso har baki, sannan ya kwanta. Ruwan ya koma yadda yake a ido. Ya rufe faifai, ya tura kofunansa cikin jaka, ya zauna ya buɗe littafi.

“A'a, Idi, yaushe a gari?”

“Yanzun nan, Gwaggo.”

Ta zuba masa tuwo, ya ci, ya kasa gane ɗanɗanonsa. A hanyar komawa Maraɗi ya yi ta ba kansa magana. Tasa ɗaya ce a cikin tulu guda. Me za ta yi? Amma shi ya karanta abin, ya kuma san yawan ruwan batir ɗin da ya zuba. Da ya isa gida ya ga ƙananan huji guda biyar a gwiwar wandonsa, inda ruwan ya fantsama.

Washegari da asuba Tasalla ta ciyar da kwatarniyoyinta uku da ruwan tulun. Ba ta ɗanɗana ba. Ta bar ɗanɗana tokar Dada tun shekaru ashirin da suka wuce. Kwana biyu kumfan nan mai sheƙi da ke saman rini ya ɓace. Ta tsoma zare, ya fito fari-fari kamar an wanke shi da ruwan miya. Baban da ta yi mako uku tana juyawa safe da yamma ya mutu a kwatarniya uku gaba ɗaya, ga zaren masaƙa a jibge suna jira. Sai a lokacin ta sa yatsa a tulu ta murza, ba santsi. Ta kai harshe, ba yaji, sai wani ɗaci-ɗaci na banza. Abin da mai rini ta sani ɗaya ne ke kawo wannan: an sayar mata da tokar da aka riga aka tace, aka shanya, aka sake zubawa a kwando.

Juma'ar da ta biyo Idirisa ya iso gindin kanya ya tarar mata sun yi zobe. Muryar gwaggonsa ce ke tashi.

“Shekara talatin, Dada! Ni kinka zaɓa ki cuta? Tatacciyar toka kinka kawo mini, kinka kashe mini baba!”

Dada na zaune kusa da kwandonta, hannunta biyu a cinya. Idirisa ya jira ta tashi ta yi rantsuwa, ta yi zagi, ta tara wa gwaggo mutane. Da ta yi haka da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ta dubi ƙasa ta ce a hankali, “Ban tace ta ba, Tasalla. Amma in ta mutu, na san abin da ya kashe ta.”

Ta faɗa musu. Mijinta Kabo ya rasu da damina. A gidansu ba a taɓa karan gonar mamaci sai manya sun yi masa yanka. Ita kuwa ta ga karan ya bushe, Juma'a ta matso, ba ta so Tasalla ta zo ta koma hannu wofi, sai ta je ta tara ta ƙone.

“Shi ne ya yi hushi,” in ji ta. “Laihina ne.”

“Ku ji ta!” in ji Tasalla. “Ta cuce ni, ta ɗora ma mamaci.”

Idirisa na tsaye riƙe da kekensa, taku uku tsakaninsa da su. Maganar tana bakinsa, gajeruwa ce, ba ta fi kalma biyar ba. Ya dubi matan kasuwa, cikinsu har da iyayen yaran ajinsa. Ya tuna Nasara na zuwa. Ya ce wa kansa gwaggo tana cikin fushi, bari ta huce tukuna. Dada ta ɗaga kai ta gan shi, ta ce, “Ɗan Tasalla, ga furarka nan,” ta miƙa masa ƙwarya. Ya karɓa. Ya sha, Allah ya gani, ya shanye tas. Sannan Dada ta ɗora kwandon a jaki ta juya kudu, ba wadda ta sayi ko tafi guda na tokar.

Juma'ar da ta biyo Dada ba ta zo ba. Ta bayanta ma haka. Tasalla ta sayi toka wurin wasu, ta tada kwatarniya ɗaya da ƙyar, kullum tana mita. Idirisa ya lura takan zauna a gindin kanya ta bar rabin tabarma ba kowa, ba ta kuma san tana yi ba. Mata suna ta maimaita zancen, har ya kai ana cewa duk tokar Jiratawa sai an ɗanɗana. Ya ninke wandon nan mai huji ya cusa ƙasan akwati. Kowace Alhamis yakan tashi da niyyar zuwa Tsibiri ya faɗa, kowace Alhamis kuma sai ya samo wani aiki. Kunya ce ke cin sa, ga tsoro, ga sanin cewa kowace rana da ta wuce maganar ƙara nauyi take yi.

Ranar da Nasara ya zo, darasi ya tafi yadda ake so. Idirisa ya jera kofuna a kan tebur: ruwan tsamiya, lemun tsami, jiƙon kanwa, ruwan sabulu. Ya bi su da zoɓo ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka yi ja, biyu suka yi kore, yara suka miƙe tsaye a kan benci. Ya juye kofin tsamiya a na kanwa, kumfa ya tashi, launi ya koma tsaka-tsaki. Ya yi bayani da Faransanci mai kyau cewa asid ya kashe baz, baz ya kashe asid. Nasara na gyaɗa kai yana rubutu.

Sai Ramatu, ɗaya daga cikin 'yan mata huɗu na ajin, ta ɗaga hannu.

“Mushe, in babu zoɓo, mutum zai gane da ido cewa an kashe kanwar?”

“A'a,” in ji shi. “Ruwan yana nan yadda yake.”

“To wanda bai ga lokacin da aka zuba ba, sai ya ce kanwar ce ba ta da kyau.”

Nasara ya yi dariya, ya ce yarinyar nan tana da kai. Idirisa ya juya ga allo kamar zai rubuta wani abu, ya tsaya da alli a hannu, ya rasa abin rubutawa. Da aka tashi Nasara ya kama hannunsa ya girgiza, ya ce irin wannan malami ake nema. Bai taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba.

Alhamis ta zo, ya ciro wandon daga ƙasan akwati ya sa. Ya cika kwalba da ruwan zoɓo ya hau keke ya bi hanyar kudu, gefen gulbi, har Jiratawa. Aka nuna masa gidan. Ya tarar da Dada tana sussuka, ta rame, idonta ya faɗa. Kwandon na nan jingine da danga an rufe shi da tsohuwar tabarma. Turken akuya na tsakar gida da igiyarsa, ba akuya.

Bayan gaisuwa ya roƙe ta ta ɗebo masa toka daga kwandon. Ta ce ba ta taɓa ta, shi ya ɗiba. Ya jiƙa a ƙwarya, ya tace da gefen rawaninsa na wuya, ya ɗiga zoɓo. Ruwan ya koma kore shar, kore mai duhu, ya fi wanda ya nuna wa Nasara.

“Kin gani, Dada? Tokarki na da rai. Ba ta taɓa mutuwa ba.”

Ta leƙa ƙwaryar ba tare da wani mamaki ba. “To mi ya kashe baban Tasalla?”

“Ni ne.”

Ya faɗa mata duka, tun daga kwalbar Gado har muryar gwaggo a bakin titi. Ya nuna mata hujin wando. Yana magana yana jiran ta ɗaga murya. Da ya gama, sai ta aje taɓarya, ta zauna a bakin turmi.

“Ranar nan a kasuwa kana tsaye.”

“Ina tsaye.”

“Ka sha furata.”

Ya sunkuyar da kai.

“Kwana ashirin ina ba Kabo haƙuri,” in ji ta. “Shekara arba'in munka yi tare, bai taɓa riƙe ni a zuciya ba, ban taɓa jin tsoronshi ba. Kai ka sa na ji tsoronshi yanzu da shike ƙasa.” Ta nuna turken da haɓa. “Anka yanka mishi jar akuyata. Ni kuma na ɗora hannuna kan kushewarshi na rantse wanga hannu ba shi ƙara ƙona kara.”

“Amma ai yanzu kin san ba shi ba ne. Rantsuwar ta warware.”

“A lakwal haka anka koya muku?” Ta dube shi sosai. “Na rantse, na rantse. Ruwanka mai launi ba shi kwance ta.”

Ya durƙusa yana ba ta haƙuri, hawaye na zuba masa, babban mutum. Ta bar shi ya yi har ya gaji.

“Tashi. Ba nan anka ce mini macuciya ba. Gobe Juma'a.”

Bai yi barcin kirki ba, amma washegari da aka tashi yara ya nufi gindin kanya. Dada ta riga shi zuwa, a ƙafa, ba jaki ba kwando, sai ƙwaryar fura, tana tsaye nesa kaɗan. Tasalla na kan tabarmarta ta kau da kai. Ya jingine keke, ya tsaya inda ya tsaya wancan karon. Bai kawo zoɓo ba, ya gane ba darasi aka zo yi ba. Ya ɗaga murya yadda yake yi a aji, don har masu sayar da daddawa su ji, ya ce shi ya taɓa tulun gwaggonsa, shi ya zuba ruwan batir, shi ya kashe baba, ya kuma tsaya a nan yana kallo aka ci mutuncin Dada bai buɗe baki ba.

Wata ta ce, “Mushen lakwal?” Wata ta yi salati.

Ya zaci gwaggo za ta rufe shi da faɗa, ya ma shirya wa mari. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tashi, zanenta na kama ƙafarta, ta je gaban Dada ta durƙusa a ƙasa.

“Da bakina na hwaɗa,” in ji ta. “Ban tambaye ki ba, ban tambayi kowa ba. Dada, da bakina.”

Dada ta bar ta a durƙushe ɗan lokaci, ba ta yi gaggawa ba. Sannan ta kama ta ta tayar, suka taka tare zuwa tabarma, ta zauna a rabin nan nata. Tasalla na share ido da bakin gyale, ta ce tun ranar nan ba ta sami tokar kirki ba, ran Juma'a mai zuwa ta kawo mata kwando biyu. Dada ta gaya mata zancen rantsuwa. Tasalla ta dafe kai, kuka ya dawo mata sabo.

Idirisa na nan tsaye, ba wadda ta ce ya zauna, ba wadda ta ce ya tafi. Can Dada ta ɗago ta dube shi, daga fuska har gwiwar wando.

“Da hannuna na rantse, ban rantse da bakina ba,” in ji ta. “Alhamis ba ku lakwal, ko? Ka zo da sassahe kahin raɓa ta bushe. Ni in hwaɗa, kai ka tara kara ka ƙona. Ka sa wanga wando, ya riga ya lalace.”

“To, Dada.”

Ta jawo ƙwaryarta ta buɗe, ta miƙa masa kamar kullum. Ya karɓa da hannu biyu ya kai baki. Da ruwa zalla aka dama furar.